Baƙa Ce, Babu “Amma”

Ƴan uwa marubuta, akwai kalma guda da alƙalaminmu ke tsallakewa kamar yadda mai sabon takalmi ke tsallake taɓo. Kalmar ita ce “baƙi”, ko “baƙa”, in an zo siffanta mutum. Ku ɗauko ɗan littafinmu da ya gabata, ku haɗa da na gabansa, ku bi labaran ɗaya bayan ɗaya da jan bik a hannu. Duk inda tauraruwar labari ta fito za ku tarar an yi mata shimfiɗa: fara ce sol, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya, in ka gan ta sai ka rantse Balarabiya ce. Marubucin ba ya jin nauyin kowa, “fara” na fita daga bakinsa sumul. To, ku jira a zo kan ƙawarta, ko kishiyar uwarta, ko ƴar aikin gidan. Nan ne alƙalami ke soma in'ina.

In'inar nan kala-kala ce. Wani sai ya yi gum. Zai gaya maka tsawon yarinyar, da atamfar da ta ɗaura, da wushiryarta, har da irin takunta, amma launin fatarta ya bar maka ka cika da kanka. Wani kuma sai ya tafi aro. Wanda ya sha littattafan Kano ya rubuta “black beauty” ko “kalar cakulan”, wanda Faransanci ya fi zama a bakinsa ya rubuta “teint d'ébène”, kamar dai kalmar in ta sa rigar Turawa ba za ta yi ciwo ba. Na uku shi ne mai ƙarfin hali, ya daure ya rubuta “baƙa ce”, sai kuma nan take ya biyo ta da magani: “amma kyakkyawa”, “amma baƙinta mai haske ne”, “sai dai tana da diri”. Wannan “amma” ita ta fi ci mini rai. Ba a cewa “fara ce amma kyakkyawa”. Ba wanda ya taɓa rubuta haka, don kunne ba zai ɗauka ba. Ke nan “amma” tana gaya wa mai karatu cewa baƙi laifi ne da ake nema wa afuwa.

Wuri ɗaya ne kalmar ke fitowa tsirara ba tare da an nemi gafara ba: in an zo kan mugu. Boka baƙi ne ƙirin. Ɗan fashi baƙi ne wuluk, da jajayen idanu. Tsohon alhajin da za a yi wa yarinya auren dole da shi, baƙi ne, gajere, da ƙaton tumbi. A nan ba aro, ba kwana-kwana, Hausa ce tsagwaronta. Saboda haka kar wani ya ce mini kunya ce ta hana mu ambaton launin mutum. Kunyar tamu ido ɗaya gare ta.

Har “wankan tarwaɗa” mun ɓata ta. Mu mutanen Madarunfa ba a yi mana bayanin tarwaɗa, ga tafki nan a bakin gari, masunta na fito da ita. Kalma ce mai kyau da magabata suka ajiye wa wanda ke tsakani, bai kai fari ba, bai kai baƙi ba. Yau a rubutunmu ta zama mafaka. Duk yarinyar da marubuci ke so amma ba ya iya ce mata fara, sai ya tura ta cikin wankan tarwaɗa, ko da kuwa a zuciyarsa ya san baƙa yake gani. Ba mu kaɗai ne da wannan ɗabi'a ba. A Sudan, mai duhun fata akan ce da shi “akhdar”, wato kore, ko “azraƙ”, wato shuɗi, duk don a kauce wa “aswad”. A Faransa za ka ji Bafaranshe ya bar “noir” ta harshensa ya ɗauko “black” ta Ingilishi. Ciwo ɗaya ne, kowa da irin tsummansa na ɗaurewa.

Abin mamaki, Hausar titi ba ta da wannan ciwo, ko kuma nata bai yi tsanani haka ba. Ku saurari sanarwar cigiya a gidan rediyo. Yaro ya ɓata a kasuwar Maraɗi, za a ce: ɗan shekara kaza ne, baƙi ne, siriri, yana sanye da riga kaza. Ba mai cewa amma, domin uwar yaron ɗanta take nema, ba yabon mutane ba. Ka tambayi ɗan kabu-kabu gidan wani, zai ce maka: “Wanne? Dogon nan baƙi, ko jan?” Ka amsa, ya kai ka. Kakanninmu ma suna suke yi da launi. Akwai Jatau, akwai Duna, akwai Ɓaleri, akwai Baturiya, kuma duk ana kiransu a tsakar gida suna amsawa. Wata tsohuwa a unguwarmu, in jikanyarta ta shigo, cewa take: “Ga kishiyata nan, baƙa ta kamar ni, shi ya sa mai gidan ya rasa wadda zai zaɓa.” Kowa ya yi dariya, har da yarinyar. Tsohuwar ba ta yi lakwal ba, amma ta iya abin da ya gagare mu: ta faɗi kalmar, ta kuma faɗe ta da so.

To me ya same mu, mu da muka yi boko? Ni dai na ga igiya uku da suka ɗaure mana hannu.

Ta farko tana cikin harshen kansa. Baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana, baƙar aniya, baƙin hali, baƙar wahala. A ɗaya gefen kuma farin ciki, farin jini, farar zuciya, farar aniya. Yaron da ya tashi yana jin haka safe da yamma, ba sai an zaunar da shi an koya masa ba. Ko karin maganar da ake lallashinmu da ita, wai a baƙar tukunya ake fidda farin tuwo, ku dube ta da kyau. Wa aka yaba? Tuwon. Tukunyar an yafe mata ne kawai don abin da ta haifa. Sai dai adalci shi ne a ce Hausa ba ta tsaya nan ba. Harafin da muke rubutu da shi sunansa baƙi, jam'insa baƙaƙe, kuma wanda ya iya su shi ake kira malam. Rawanin da ya sha baba ya sha bugu har yana ƙyalli, irin wanda ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, Abzinawa na biyan kuɗi mai tsoka su saya, kuma darajarsa duhunsa ne. Kwalli baƙi ne, da shi ake ƙawata ido. Fari ma ba kullum yake alheri ba, ku tambayi matar da aka laƙaba wa farar ƙafa. Harshe ya ba mu duka biyun. Mu ne muka ɗauki rabi muka bar rabi.

Igiya ta biyu tarihi ne, kuma shi ne ba mu son taɓawa. A wannan yanki namu an daɗe ana cakuɗa launi da asali, da wane ɗa ne wane bawa. Maganar ba ta yau ba ce. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud yana amsa tambayar mutanen Tuwat game da bayi, ya nuna cewa baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, ya kuma lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. In da ba a yi ta haɗa baƙi da bauta ba, da malamin bai ɓata tawadarsa ba. Mu Katsinawan Maraɗi, da kakanninmu yake. Kuma kar a ce abin ya wuce. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991. A 2008 kotun ƙasashen CEDEAO ta zauna a Yamai ta ba Hadijatou Mani gaskiya, ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta. A ƙasar da “jar fata” da “baƙar fata” suka taɓa zama kalmomin faɗa, ba abin mamaki ba ne mai hankali ya riƙa taka-tsantsan. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba, taka-tsantsan ɗin ya tsaya kan kalma ɗaya ya bar ɗayar tana yawo da ganga.

Igiya ta uku ita ce abin da muka karanta muka kuma kalla. Yawancinmu da littattafan soyayya na Kano muka koyi daɗin karatun Hausa, waɗanda suka bunƙasa tun daga tsakiyar shekarun 1980, suna shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Ba zan raina su ba. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun sa mata da matasa karatu a lokacin da littafin Hausa ya kusa zama na ɗan makaranta kaɗai, sun kuma taɓo auren dole da karatun ƴa mace. Amma a cikin ɗaruruwan littattafan da suka cika kasuwa, da waɗanda yanzu ke yawo a WhatsApp da Wattpad, wani ƙirar mace guda ya kafu ya zama kamar hatimi: fara, mai gashi, ruwa biyu. Ga kuma fina-finan Indiya, da iyayenmu suka kalla a silima, mu kuma muke kallo a waya da fassarar Hausa. Mun kwafo hatimin ba mu tambaya ba. Marubucin da ke zaune a Madarunfa, uwarsa baƙa, yayarsa baƙa, yarinyar da yake zuwa zance wurinta baƙa, in ya buɗe kaye sai ya zano wata da bai taɓa gani ba ko a tashar mota. Wannan tun kafin a kai ga batun adalci, rauni ne na rubutu. Wanda ba ya kallon mutanen da ke gabansa, me zai gaya mana game da su?

A zamanmu na fada da muka yi wannan gardama, wani ɗan uwa ya kawo shawara. Ya ce mini: “Ke, abin ga mai sauƙi na. Mu bar faɗin launin kowa, hwari da baƙi duka. Mutum mutum na.” Wasu suka ce madalla. Niyyarsa mai kyau ce, amma ban bi shi ba, ga kuma dalilina.

An gwada wannan magani a wasu wurare. A Amurka akwai masu alfahari da cewa su ba su ganin launi. A 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam, ciki har da Evan Apfelbaum, suka gwada yara da wani wasa. An jera hotunan mutane, yaro zai yi ta tambaya ana ba shi amsar i ko a'a har ya gano hoton da aka ɓoye a rai. Rabin hotunan farare ne, rabi baƙaƙe, ke nan tambaya guda kan launi za ta rage masa rabin aiki. Yara ƴan shekara 8 zuwa 9 suka yi tambayar kai tsaye. Ƴan 10 zuwa 11, da suka fara koyon cewa ba a faɗi, suka yi ta kewaye-kewaye, ƙannensu suka fi su. Ba makancewa suka yi ba, suna gani sarai. Shiru kawai suka koya. A Faransa kuwa, a watan Yuli na 2018 ƴan majalisar dokoki suka kaɗa ƙuri'ar cire kalmar “race” daga kundin tsarin mulki, ko da yake gyaran bai kai ƙarshe ba. Ku tambayi ƴan uwanmu da ke can ko ƙuri'ar ta sauƙaƙa musu neman ɗakin haya. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na kamfanin Unilever. A 2020, da surutu ya yi yawa, suka canja sunan man nan Fair & Lovely ya koma Glow & Lovely. An cire kalmar “fari” daga jikin kwali, man na nan a kan kanta, masu saye kuma sun san abin da suka zo saye.

Haka shirunmu zai zama. In na rubuta cewa Hadiza kyakkyawa ce, duk samarin gari na layi a ƙofar gidansu, ban faɗi launinta ba, me mai karatu zai gani? Mai karatun da littattafai ɗari suka riga suka horar, fara zai gani. Gurbin da ka bari ba ya zama fanko, abin da ya saba shiga shi ke shiga. Ke nan in mun yi shiru duka, fara ta ci ba hamayya.

Wani zai ce, labarai ne fa na fotokopi, kwafi nawa muke bugawa, wa zai mutu don an ce tauraruwa fara ce? To, ku leƙa teburin masu kayan shafa ranar kasuwa. Ku dubi hannuwan wasu ƴan matan lise, fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto na 2011, ta kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man sa haske, a Togo kashi 59, a Senegal 27, a Mali 25. Mu kuma da Najeriya kasuwarmu ɗaya, abin da aka shafa a Katsina da safe ya iso Maraɗi kafin la'asar. Cikin irin waɗannan mayuka akwai masu zaiba, mai lalata ƙoda, akwai masu haidurokinon, akwai masu sinadarin kotizon da ke sa fata ta yi laushi har ta riƙa tsagewa, rauni ya ƙi warkewa. Kodebuwa ta hana su a 2015. A 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Yarinyar da ke tara dala-dala don ta sayi kwalba ba mahaukaciya ba ce. Lissafi ta yi. Ta ji abin da ake faɗa in an kawo amarya: “Kai, wane ya yi sa'a, hwara ta tas!” Ta ga wadda ake zaɓa a fim. Ta buɗe labarinmu, mu da muke ƴan garinsu, ta tarar nan ma ba ta ciki, ko kuma tana ciki da “amma” rataye a wuya. Ban ce mu muka sa mata kwalbar a hannu ba. Amma a cikin muryoyin da suka gaya mata ba ta isa ba, akwai tamu.

Abin dariya, kusan dukanmu mun haddace “Femme noire” ta Senghor a lakwal, waƙar da ta fito a littafinsa na 1945. Mun tsaya gaban mushe mun rera ta, an ba mu maki. Yabon baƙar mace da Faransanci ya zama darasi, da Hausa kuwa ya zama abin jin nauyi. Mu da ake karanta mana aya ta 22 ta Suratur Rum, inda aka sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji, ban ga dalilin da zai sa mu ɗauki launi guda mu mai da shi abin rufa-rufa ba.

Kar a fahimce ni a karkace. Ban ce a juya hatimi ba, a mai da duk fara muguwa, duk baƙa waliyyiya. Wannan ma lalaci ne, kuma farare ma suna shan nasu. Ku tambayi zabiya abin da yara ke rera masa a hanya, ko ɗan Buzu da Bafulatanin da ake yi wa kallon baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Ban kuma ce dole kowane mutum a labari sai an faɗi launinsa kamar takardar komisariya ba. Tatsuniya ba ta taɓa gaya mana launin kowa ba in ba labarin ya buƙata, kuma ba ta rage daɗi ba. Abin da nake nema ma'auni ɗaya ne. In launi bai da aiki a labarinka, bar shi ga kowa da kowa, har da tauraruwar. In kuwa ka ga ya dace ka ce wance fara ce, to wajibi ne bakinka ya iya cewa wance baƙa ce, da murya iri ɗaya.

Kuma in za ka faɗa, ka faɗa da ido buɗe, domin baƙi ba ɗaya ba ne. Akwai baƙin manomin Jiratawa da rana ta gasa, wuyansa ya fi ƙirjinsa duhu. Akwai na jariri ɗan wata uku da ya sha man kaɗe yana sheƙi. Akwai na tsohuwa, da ya yi toka-toka a gwiwar hannu lokacin hunturu. Akwai na amarya da aka yi wa dilka, lalle ya kama tafinta ja, bayan hannun kuma duhu mai santsi. Wanda ya iya rubuta waɗannan ya fi mai “fara sol” aiki, don shi ya duba, wancan kwafa ya yi. Gwada wannan: “Rabi baƙa ce, doguwa, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi.” Shi ke nan. Jimlar ta tsaya da ƙafarta, ba ta roƙi kowa ba. Sa mata “amma” ka ji yadda za ta durƙusa.

Ga roƙona ga masu tace ɗan littafi na gaba. Duk labarin da aka kawo, a nemi kalmomin launi a ja musu layi. In “fara” ta zo ita kaɗai, “baƙa” kuma ta zo da ɗan rakiya, a mayar wa mai shi ya sake dubawa. In mugu ne kaɗai baƙi a labarin, a tambaye shi dalili a gaban kowa, cikin raha, da shayi a hannu. Ba takunkumi ba ne, gyara ne irin wanda muke yi wa juna kan ɗauri da wasali. Kwafinmu kaɗan ne, gaskiya, amma kowane ɗaya hannu goma yake bi kafin ya yage, kuma yawancin hannuwan nan baƙaƙe ne.